Ko Alherin Da Ba A Tuna Ba Ya Faɗi Ƙasa Banza?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Babu mai jayayya da wannan muddin matafiyin babba ne, wanda zai dawo ya zauna ya ba da labari. Amma akwai wani matafiyi da karin maganar ba ta yi lissafi da shi ba, wato yaro ɗan shekara biyu ko uku, wanda ake ɗaurewa a kujerar bayan mota, a kewaya ƙasa guda da shi, a dawo da shi gida, bayan 'yan shekaru a tambaye shi ya ce shi bai san an yi ba. Iyayen da suka taɓa shirin doguwar tafiya da irin wannan yaro sun san maganar da kan fito daga bakin kaka: "Ku bar mini angona a gida mana. Me zai tuna? Wahala kawai za ku ba shi, ku ɓarnatar da kuɗinku."

Maganar kaka ba ta wasa ba ce, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa goyo ko reno: shin alherin da aka yi wa wanda ba zai tuna ba ya tafi a banza? Ita muke so mu auna a wannan maƙala. Don kada mu yi ta shawagi a sama, za mu ɗauki misali guda mu riƙe shi har ƙarshe. Misalin shi ne iyali mai mutum uku, uba da uwa da ɗansu ɗan shekara uku, waɗanda suka yi hayar mota domin su kewaye tsibirin Sisili cikin kwana goma.

Tsibirin Da Hanyarsa

Sisili shi ne tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Yana cikin ƙasar Italiya, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 25,700, wato ya ɗan ɗara Jihar Katsina, mutanensa kuwa sun kusa miliyan 5. Kusurwa uku gare shi, kamar duwatsun murhu. Wanda ya bi titin bakin teku ya kewaye shi zai ci tafiyar da ta kusa kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas.

Iyalin namu za su tashi daga Palermo, babban birnin tsibirin, su yi yamma zuwa Trapani, inda ake shanya ruwan teku a fadamu ana kwasar gishiri. Daga nan su gangara Marsala da Mazara. Sunan Mazara ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu, domin nan ne rundunar Alƙali Asad bin Furat ta sauka daga Tunisiya a shekarar 827, kuma ga wannan gari ake danganta Imam al-Mazari da ake ambato a cikin Muhtasar. Sai Agrigento, inda ɗakunan bautar Girkawa ke tsaye a kan tudu tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Sai Siracusa, garin masanin lissafin nan Arkimidis, wanda wani sojan Rum ya kashe a shekara ta 212 kafin Miladiyya. Sai Catania da dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 3,300, mota kuma tana hawa da mutum har wajen mita 1,900. Daga nan Taormina, Messina, Cefalù, a dawo Palermo.

Wannan jerin iyaye ke nan. Jerin yaron daban yake. A Trapani abin da ya gani shi ne tulin farin gishiri. A Agrigento ya ga ƙadangare a kan dutse, da awakin nan masu murɗaɗɗen ƙaho da ake kiwo a wurin. A Siracusa ya ga agwagi suna iyo a maɓuɓɓugar Aretusa. A Etna ya sami baƙar tsakuwa marar nauyi ya yi ta jifa. Ko'ina aka tsaya kuma sai ya nemi niƙaƙƙiyar ƙanƙarar nan mai lemon tsami da mutanen wurin ke kira granita. Ginin da ya shekara 2,400 a tsaye, wanda manya ke ɗaga kai suna mamaki, a wurinsa inuwa ce kawai ta fakewa.

Inda Kaka Ta Yi Gaskiya

Kafin mu ce komai, ya kamata mu ba kaka haƙƙinta. Binciken masana halayyar ɗan'adam ya tabbatar da maganarta. Mafi yawan manya idan aka ce su faɗi abu na farko da suke tunawa a rayuwarsu, sukan tsaya ne a wajen shekara uku zuwa uku da rabi. Abin da ya gabaci haka duhu ne.

Abin lura shi ne mantuwar ba nan take take zuwa ba. A wani bincike da Patricia Bauer da Marina Larkina na Jami'ar Emory ta Amurka suka wallafa a 2014, an ɗauki muryar yara 'yan shekara uku suna hira da iyayensu mata a kan abubuwan da suka faru da su, irin su tafiya ko biki. Bayan shekaru aka sake tambayarsu. Waɗanda aka tambaya suna tsakanin shekara 5 da 7 sun tuna fiye da kashi 60 cikin 100 na abubuwan. Waɗanda aka tambaya suna shekara 8 ko 9 kuwa ba su kai ga kashi 40 ba. Ke nan yaron namu zai dawo daga Sisili da labarin agwagi a bakinsa, zai ba kakarsa labarin, zai riƙe shi har ya shiga firamare, sannan labarin ya rinƙa zagwanyewa kamar gishiri a ruwa. In ya kai munzali, da wuya a sami ko ɓurɓushi.

Saboda haka ba za mu yi gardama da kaka a kan ko zai tuna ba. Ba zai tuna ba. Gardamarmu tana kan matakin da ke biye, wato cewa tun da ba zai tuna ba, to babu amfani.

Mai Ɗanɗana Da Mai Tunawa

Marigayi Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan'adam da ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya yi wani bayani da zai taimaka mana. A littafinsa na 2011 ya nuna cewa kamar mutum biyu ne a jikin kowannenmu. Akwai mai ɗanɗana rayuwa a daidai lokacin da take gudana, wanda ke jin daɗin iska ko zafin ƙaya yanzu-yanzu. Akwai kuma mai tunawa, wanda ke zuwa daga baya ya tattara abin da ya faru ya mai da shi labari, ya yanke hukunci ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Kahneman ya kawo wata tambaya ta gwaji: a ce an gaya maka a ƙarshen hutunka za a goge duk hotunan da ka ɗauka, a kuma ba ka maganin da zai share tafiyar daga ƙwaƙwalwarka, shin za ka je? Nawa za ka yarda ka biya? Mutane da yawa idan suka ji haka sai sha'awar tafiyar ta fita daga ransu.

Wannan ya nuna cewa mu manya mun naɗa mai tunawa sarauta, mun mai da mai ɗanɗana bara. Muna tafiya ne domin mu tara abin faɗa. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsaya gaban dutsen Etna ya ba shi baya, yana kallon wayarsa, domin hoton ya fi masa dutsen. To, ɗan shekara uku shi ne ainihin mutumin da ke cikin tambayar Kahneman. Maganin mantuwar nan an riga an rubuta masa shi, zai sha ko ya so ko ya ƙi. Bambancinsa da mu shi ne abin bai dame shi ba. Yana kallon agwagwa ne domin agwagwa, ba domin ya ba wani labari ba.

Idan muka ce tafiyarsa banza ce, muna cewa ne kwana goma na dariya da mamaki da barci a kafaɗar uba ba su da daraja sai in wani mutum, wato shi kansa bayan shekara ashirin, ya zo ya sa musu hannu. Mun mai da yaron da ke gabanmu tamkar asusu, wanda ba a damu da shi ba sai ranar fasawa. Alhali kuwa shi ma mutum ne cikakke a yau ɗin nan, yininsa kuma yini ne cikakke, daga hantsi har almuru.

Mu Juya Tambayar

Hanya mafi sauƙi ta gane ko ma'auni na da kyau ita ce a auna kishiyar abu da shi. In har daɗin da ba a tuna ba bai da lada, to wahalar da ba a tuna ba ita ma ba ta da laifi. Akwai wanda zai yarda da haka?

An taɓa yarda, kuma ba da daɗewa ba. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka akan yi wa jarirai sabbin haihuwa tiyata da ɗan abin kashe zafi kaɗan, wani lokaci ma babu, sai dai maganin da zai hana su motsi. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai tsoron kada maganin sa barci ya kashe su, akwai kuma zaton cewa ba sa jin zafi kamar manya, in ma sun ji ba za su tuna ba. A 1987 wani likita mai suna Kanwaljeet Anand da abokan aikinsa a Oxford suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa bakwainin da aka ba isasshen maganin kashe zafi sun fi samun sauƙi bayan tiyata, jikinsu kuma bai shiga firgici kamar na sauran ba. A wannan shekara ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce ba daidai ba ne a hana jariri maganin kashe zafi saboda ƙanƙantarsa. Yau duk wanda ya ji wannan tarihi sai tsigar jikinsa ta tashi. Babu mai cewa, "Ai ba su tuna ba."

Ba sai mun je asibiti ba ma, gaɓar Sisili kanta ta ishe mu misali. Yayin da iyalin namu ke bin titin kudu daga Agrigento zuwa Siracusa, tekun da ke damansu shi ne wanda dubban 'yan Afirka suka ratso cikin kwale-kwale daga Libiya da Tunisiya, da yawansu bayan sun keta Sahara ta hanyar Agadas. Ranar 3 ga Oktoba 2013 wani jirgin ruwa ya nutse dab da ɗan tsibirin Lampedusa, wanda ke ƙarƙashin lardin Agrigento, mutum fiye da 360 suka halaka. A cikin waɗanda kan tsira daga irin wannan tafiya akwai goyo da 'yan yaye. Ɗan shekara biyun da ya kwana uku a kan ruwa cikin ƙishirwa da kukan manya shi ma ba zai tuna ba. Amma babu mai hankalin da zai ce saboda haka babu abin da ya same shi.

To, in mantuwa ba ta wanke cuta ba, ta yaya za ta soke alheri? Ma'auni ɗaya ne. Ko dai abin da ya sami yaro a yau yana da nauyi a yau, daɗi ne ko wuya, ko kuwa duka biyun ba su da shi. Tun da ba za mu iya karɓar na biyun ba, dole mu karɓi na farko.

Abin Da Ke Saura Bayan Mantuwa

Akwai wata amsa da iyaye suka fi son bayarwa, cewa ko bai tuna ba abin yana nan a jikinsa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2017 an wallafa wani bincike a kan mutanen da aka haifa a Koriya, aka ɗauke su reno zuwa Holan tun suna jarirai, wasu ma ba su kai wata shida ba. Sun girma ba su jin ko kalma ɗaya ta Koriyanci. Amma da aka zo koya musu furta wasu baƙaƙen harshen masu wuya, sai suka riga takwarorinsu haifaffun Holan ƙwarewa. Harshen ya tafi, sawunsa ya zauna.

Tsibirin Sisili kansa haka yake. Larabawa sun karɓi Palermo a 831, Normawa suka ƙwace ta a 1072, kafin tsakiyar ƙarni na 13 kuma an kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a gangar Italiya. Yau ba Larabci ake yi a ƙauyukan Sisili ba. Duk da haka manomin wurin yana kiran tafkin ban-ruwansa gebbia, yana kiran furen lemo zagara, kalmomin da asalinsu Larabci ne, a Trapani kuma ana cin kuskus da romon kifi a matsayin abincin gargajiya. Mai faɗin kalmar bai tuna wanda ya koya wa kakanninsa ba, kamar yadda Bahaushe ke cewa littafi da alƙalami ba tare da ya tsaya tunanin inda suka fito ba.

Sai dai muna jan hankalin mai karatu kada ya jingina hujjarsa duka a kan wannan. Babu wanda zai iya nuna maka cewa kwana goma a Sisili za su sa yaro ya tashi da kaifin basira ko son ilimi. Abin da aka sani yana gina yaro shi ne kulawa ta yau da gobe, da magana da shi, da wasa, da kwanciyar hankalin gida, waɗannan kuwa ana samunsu a tsakar gida ba tare da biza ba. Bugu da ƙari, wanda ya ce "zai amfane shi nan gaba" bai fita daga tarkon da muka ambata ba, har yanzu yaron asusu ne a wurinsa, ya dai canza abin da yake sa ran samu ranar fasawa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu a ganinmu ko da bai ɗauko komai ba, alheri ne tun a ranar da aka yi shi.

Idan Yinin Yaro Ne Ma'auni

A nan ne hujjar tamu za ta juyo ta kama iyayen da kansu. In mun yarda cewa abin da ke da nauyi shi ne abin da yaron ke ji a yau, to ba mu ba iyaye lasisin jan sa duk inda suka ga dama ba. Mun ɗora musu kaya ne. Domin gaskiyar magana ita ce ba yaron ya zaɓi Sisili ba. Uban ne ke son ganin ginin Girkawa, uwar ce ke son ganin kasuwannin Palermo. Wannan ba laifi ba ne, haihuwa ba ta kashe wa mutum sha'awar ganin duniya. Laifin yana zuwa ne idan aka fake da yaron, aka ce dominsa ake yi, alhali shi ke biyan kuɗin da jikinsa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Daga Agrigento zuwa Siracusa tafiyar wajen awa uku ce, dokar Italiya kuma ta wajabta a ɗaure ƙaramin yaro a kujerarsa ta musamman. Awa uku a ɗaure ga ɗan shekara uku ba kamar awa uku ba ce ga babba. Hanyoyin da ke hawa garuruwan kan tudu irin su Taormina murɗaɗɗu ne, masu tayar da zuciya. Ga zafi: ranar 11 ga Agusta 2021 an auna digiri 48.8 a kusa da Siracusa, zafi mafi tsanani da aka tabbatar a nahiyar Turai. Tudun Agrigento kuwa fili ne mai ƙarancin inuwa. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke.

Saboda haka iyalin da suka ɗauki yinin yaro da muhimmanci za su ga taswirarsu ta canza. Za su zo a watan Mayu ko Oktoba maimakon Agusta. Za su sa doguwar tafiya a lokacin barcinsa na rana, su kwana biyu a wuri ɗaya maimakon sauya masauki kullum. Za su yi koyi da mutanen tsibirin, waɗanda kan rufe kantuna da azahar su huta sai la'asar. Wataƙila su bar garuruwa uku daga cikin goma ba su gani ba, su ba da awa guda cur ga agwagin Aretusa. A Palermo za su iya barin wani gidan tarihi su kai shi wasan 'yar tsana na gargajiyar Sisili, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan'adam a 2001. Sannu ba ta hana zuwa. In kuwa suka duba suka ga ba za su iya wannan rangwame ba, to shawarar kaka ita ce daidai, a bar mata angonta. Ta yi gaskiya a hukunci, ko da dalilin da ta bayar bai tsaya ba.

Akwai wata doka a Italiya da ta dace a ambata a nan. Tun daga Nuwamba 2019, duk mai ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu a mota dole ya sa na'urar da za ta yi ƙara in ya fita ya bar yaron a ciki. An yi dokar ne bayan mutuwar yara da iyayensu suka manta da su a mota cikin rana. Mun daɗe muna maganar mantuwar yaro, ga shi doka tana tuna mana cewa mantuwar da ke kisa ta manya ce. Ba lalle sai an kulle yaro a mota ake manta shi ba. Ana iya manta shi yana riƙe da hannunka, kana sauri ka cika jerin wuraren da ka rubuto.

Amanar Labari

Saura abu guda, wanda ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu riƙe da alƙalami. Tun da yaron zai manta, tafiyar za ta koma hannun iyayensa. Duk abin da zai sani game da kwanakin nan goma daga bakinsu zai ji. Wannan amana ce.

A Palermo ɗin nan ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, a fadar Sarki Roger na Biyu, bayan aikin shekara 15. Ƙasashe da yawa da ya bayyana, har da Gana da Kanem na wancan zamani, bai taka su da ƙafarsa ba. Matafiya aka rinƙa tambaya, a gwada maganar wannan da ta wancan, a riƙe inda suka dace. Kowannenmu haka yake da shekarunsa uku na farko. Ƙasa ce da muka zauna a cikinta amma sai a bakin wasu muke jin labarinta, ba mu kuma da damar gwada maganar wani da ta wani kamar al-Idrisi. Abin da uwa ta faɗa shi ke nan.

Masanin nan na Suwizalan, Jean Piaget, ya ba da labarin yadda ya girma yana tuna, dalla-dalla, ranar da wani mutum ya yi yunƙurin sace shi a birnin Faris yana ɗan shekara biyu, mai renonsa ta kare shi har aka yakushe ta a fuska. Yana shekara 15 sai matar ta rubuto wa iyayensa ta ce ƙarya ta shirya, babu abin da ya faru. Labarin da ya ji ana maimaitawa ne ya zame masa abin da ya gani da ido. A ɗaya ɓangaren kuma, wani bincike da aka wallafa a 2000 a Niyu Zilan ya gano cewa 'yan ƙabilar Maori, waɗanda al'adarsu ta ba labarin dangi da na kakanni muhimmanci, tunaninsu na farko yakan koma kafin su cika shekara uku, yayin da na Turawan ƙasar ke tsayawa wajen uku da rabi. Wato yadda ake hira da yaro a kan abin da ya wuce yana da hannu a cikin abin da zai riƙe.

Darasin a fili yake ga iyaye da marubuta baki ɗaya. Wanda ya ba yaro labarin yarintarsa yana rubuta babin farko na littafin da ba nasa ba. In uban ya ce, "Ka tsaya gaban ginin Girkawa kana ta mamaki," ya yi wa yaron ƙarya, ya kuma ɗora masa tafiyar da ba tasa ba. In ya ce, "Mu muna kallon gini, kai kana bin ƙadangare, har ka faɗi ka yi kuka, muka saya maka ƙanƙara," ya mayar masa da kayansa. Labari na biyun ya fi gaskiya, kuma duk marubuci ya san ya fi daɗi. Matasanmu masu sha'awar rubuta labarin yara ko tarihin rayuwarsu za su amfana da wannan: yaron da ke cikin labari ya ga abin da yaro ke gani, daga tsayin da yaro ke gani, kada a cusa masa tunanin dattijo a baki.

Kammalawa

Mun taso da tambayar ko alherin da ba a tuna ba ya ɓata. Mun ga cewa mantuwar gaskiya ce, kuma babu dabarar da za ta hana ta. Mun ga kuma cewa ba za a iya amfani da ita a soke alheri ba sai an yi amfani da ita an halatta cuta, abin da babu mai yarda da shi. Abin da ya rage shi ne a auna tafiya da yinin yaron, a rage gudu saboda shi, a kuma riƙe masa labarinsa da gaskiya har ya girma ya karɓa.

Wannan hukunci bai tsaya ga masu halin zuwa Bahar Rum ba. Ya hau kan duk wanda ke kula da mutumin da ba zai gode masa ba: mai goyo, mai jinyar tsohon da ruɗewar tsufa ta kama har bai gane 'ya'yansa, mai zama da majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa. Mu kanmu babu ɗayanmu da ya tuna nonon da ya sha, ko bayan da ya goya shi, ko daren da aka kwana a tsaye saboda zazzaɓinsa. Waɗanda suka yi mana sun san ba za mu tuna ba, suka yi. Da sun tsaya jiran wanda zai tuna, da babu mai rubuta wannan maƙala, babu kuma mai karanta ta.